Digirin Mass Comm a zamanin da kowa ke riƙe da waya: me ake zuwa jami'a a koya?

Idan yaro mai wayar hannu zai ɗauki bidiyon gobarar kasuwa ya ɗora a Facebook tun kafin motar gidan rediyo ta bar harabar tasha, me ya rage da za a shafe shekara 4 ana koya a sashen koyon aikin jarida? Iyaye na yin wannan tambaya lokacin cike fom ɗin JAMB. Editoci na yinta ta wata fuskar duk sanda aka turo musu ɗalibi neman sanin makamar aiki, suka tarar ba ya iya haɗa labari mai sakin layi uku. Su kansu ɗaliban bakinsu ɗaya ne: tiyori ya yi yawa, firaktikal babu. Dukkansu yatsa ɗaya suke nunawa, wato darussan ra'i (tiyori) da tarke, waɗanda ake ganin su suka cinye lokacin da ya kamata a ba kyamara da makirfo. Kafin a yanke wa waɗannan darussa hukunci, ya dace a san abin da ke cikinsu.

Inda maganar ta samo asali

A farkon shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ƙarƙashin Farfesa Abubakar Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ta sanar da raba digirin Mass Communication gida 7: aikin jarida, watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, sai nazarin bayanai da kafafen yaɗa su. Nan take labari ya bazu cewa an soke Mass Comm. Ba soke shi aka yi ba, jami'o'i da dama har yanzu suna bayar da digirin da tsohon sunansa. Hujjar hukumar ita ce fagen ya yi faɗin da ɗalibi ɗaya ba zai iya rungumarsa duka ba, yana fita da ɗan kaɗan daga komai ba tare da ƙwarewa a komai ba.

Karatun kansa ba daɗaɗɗe ba ne a ƙasar nan. Jami'ar Najeriya ta Nsukka ce ta fara shi a 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966, kuma duka a kan salon Amurka aka gina su, da littattafan Amurka. Aikin jarida ya girmi karatun da nisa: an fara buga Iwe Irohin a Abeokuta a 1859, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fito a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, malamin makarantar Midil ta Katsina wanda bai taɓa zama ajin ra'in sadarwa ba. Masu cewa aikin a fagen fama ake koyonsa suna da wannan misali a hannu, kuma misali ne mai nauyi.

Mene ne ra'i, mene ne tarke

Ra'i bayani ne mai tsari a kan dalilin da ya sa wani abu ke faruwa, wanda za a iya gwada shi da hujja a ga ko ya tsaya ko ya faɗi. A fagen sadarwa, Harold Lasswell ya taƙaita tambayoyin a 1948: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace kafa, wa aka faɗa wa, me ya biyo baya. Kusan duk abin da ɗalibi zai haɗu da shi a shekararsa ta biyu da ta uku amsa ce ga ɗaya daga cikinsu.

Tarke kuwa ƙarin tambayoyi ne da Lasswell bai yi ba: wa ya mallaki kafar, wa ya biya kuɗin, wa aka hana magana, wa ke cin riba idan jama'a suka yarda da abin da aka faɗa musu. Tun a 1941 Paul Lazarsfeld ya bambanta bincike iri biyu. Akwai wanda ake yi don taimaka wa mai saƙo ya isar da saƙonsa, kamar kamfanin da ke son sanin wace talla ta fi shiga. Akwai kuma wanda ke tuhumar tsarin gaba ɗayansa. Sashen Mass Comm na koyar da duka biyun a aji ɗaya, shi ya sa ɗalibi kan rikice: da safe a koya masa yadda ake tallata ɗan takara, da yamma a koya masa yadda ake yaudarar masu zaɓe da irin wannan tallar.

Shin kafa na juya mutum yadda ta so?

Wannan ce tsohuwar tambaya, kuma a nan ne ra'i ya fi nuna amfaninsa. Bayan farfagandar yaƙin duniya na ɗaya da yadda 'yan Nazi suka yi amfani da rediyo a Jamus, an ɗauka saƙon kafa kamar allura yake: a tsira wa jama'a, ya shiga jini, kowa ya aikata abin da aka ce. Har yau mafi yawan mutane haka suka ɗauka, har da gwamnatocin da ke rufe tashoshi.

Lazarsfeld da abokan aikinsa suka je gundumar Erie a jihar Ohio lokacin zaɓen shugaban Amurka na 1940, suna komawa wurin mutanen da suka fara tambaya wata bayan wata don su ga yadda jarida da rediyo ke sauya musu ra'ayi. Abin da suka gano ya saɓa wa tsammani. Kaɗan ne suka sauya ɗan takara, kuma waɗanda suka sauya sun fi ambatar wani mutum da suka yarda da shi a kan wata jarida. Daga nan aka samu ra'in da ke cewa saƙo hawa biyu yake yi: daga kafa zuwa ga wasu mutane da ake jin maganarsu, daga su zuwa ga sauran jama'a.

Duk wanda ya zauna a majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi bayan labaran safe ya ga wannan da idonsa. Labari ɗaya kowa ya ji, amma akwai mutum ɗaya da ake juyawa a kalla don a ji fassararsa. Babban misalin da muke da shi kuwa shi ne rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da allurar a Kano saboda zargin tana ɗauke da abin hana haihuwa, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Tun kafin nan da bayan nan ana ta zuba sanarwa a rediyo, amma sanarwa ba ta buɗe ƙofar gidan da maigida ya rufe. Abin da ya yi aiki shi ne shigowar sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai, da matan unguwa da ke shiga gida gida, har aka kai ga tabbatar da Najeriya ta rabu da cutar a Agustan 2020. Jami'in da ya fahimci ra'in nan tun a aji zai san cewa kuɗin da ake kashewa a jingul ba shi ne gaba ba. Wannan shi ake kira sadarwa don ci gaba, ɗaya daga cikin gidaje 7 na NUC, kuma a ganina shi ne reshen da Arewa ta fi buƙata alhali shi ne ɗalibai suka fi rainawa.

Kada a ɗauka wannan na nufin kafa ba ta da haɗari. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya lokacin kisan ƙare dangi na 1994, kuma a 2003 kotun ƙasa da ƙasa ta ɗaure wasu daga cikin jagororinsa. Abin da ra'i ke koyarwa shi ne ƙarfin kafa ya danganta da yanayi: idan tsoro ya riga ya cika gari, masu faɗa a ji suka goyi bayan saƙon, babu kuma wata murya ta daban, to a nan rediyo kan zama makami.

Wa ke zaɓar abin da za mu tattauna yau

A wani bincike da ya wallafa a 1950, David Manning White ya roƙi wani editan ƙaramar jarida a Amurka ya ajiye masa duk labaran da ya watsar cikin mako guda, ya rubuta dalili a kan kowanne. Dalilan sun haɗa da rashin fili, da kuma ƙiyayyar editan kansa ga wasu batutuwa. Wannan shi ne ra'in mai tsaron ƙofa: abin da ya iso kunnenka ragowar abin da wani ya tace ne.

Maxwell McCombs da Donald Shaw suka ɗora a kai. A zaɓen 1968 sun tambayi masu zaɓen da ba su yanke shawara ba a garin Chapel Hill waɗanne matsaloli suka fi muhimmanci, sai suka tarar jerin da mutanen suka bayar ya yi daidai da jerin da jaridu da talabijin suka fi ba fili. Sun wallafa sakamakon a 1972. Ma'ana, kafa ba lallai ta sauya maka matsayi ba, amma ita ke ajiye maka batun da za ka ɗauki matsayi a kansa. Mako guda ana cacar baki a kan wata 'yar TikTok, a makon ne kuma majalisar jiha ke zartar da kasafin kuɗi babu wanda ya buɗe shi. Ba sai an yi ƙarya ko ɗaya ba.

Sai kuma yadda ake jingina labarin. Mutum ɗaya ne a dajin Zamfara, wata tasha ta kira shi ɗan bindiga, wata ɗan fashin daji, wata ɗan ta'adda, jaridar Legas kuma ta kira shi da sunan ƙabilarsa. Kowane suna yana da maganin da yake nunawa: sulhu, ko 'yan sanda, ko jirgin yaƙi, ko zargin al'umma guda. Ba wasa ba ne, domin sai da babbar kotun tarayya ta ayyana ƙungiyoyin nan a matsayin na ta'adda a Nuwamban 2021 kafin gwamnati ta sa hakan a kundinta. Ɗan jaridar da bai san yana zaɓe ba duk sanda ya buɗe baki, to wani ne ke zaɓar masa.

Yau mai tsaron ƙofa mafi ƙarfi ba edita ba ne, lissafin kwamfuta ne da Facebook da TikTok da YouTube ke amfani da shi wajen tura wa kowa abin da zai fi riƙe shi a kan waya. Abin da ke tayar da hankali shi ya fi riƙe mutum. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan gawarwaki, wasu ma ba daga Najeriya ba, suka yaɗu a Facebook lokacin rikicin Filato, 'yan sandan jihar kuma suka ce sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya. Yaron nan mai waya da ya riga motar rediyo isa wurin gobara, shi ma akwai mai tace shi, bai dai san shi ba ne.

Bin sawun kuɗi

Tarke ya samo tushe daga masanan birnin Frankfurt na Jamus, musamman Theodor Adorno da Max Horkheimer, waɗanda suka gudu daga Jamus ta Hitler zuwa Amurka suka tarar da nishaɗi ya zama kayan masana'anta. A 1988 Edward Herman da Noam Chomsky suka lissafa matatai 5 da labari ke bi ko a ƙasar da babu mai tace labarai a hukumance: masu mallakar kafar, masu ba ta talla, majiyoyin da ta dogara da su, barazanar da ke biyo bayan labari mai zafi, da aƙidar da ta yi rinjaye.

An rubuta wannan ne don Amurka, amma a ɗora shi a kan Kano a ga abin da zai fito. Mallaka: gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP ta kafa jaridar Triumph da talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV, a lokacin da NTA ke hannun gwamnatin tarayya ta NPN. Tun daga tushe kafa makamin siyasa ce. Sai da Doka ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, kafin a ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, tashoshi suka yi ta ƙaruwa. Talla: a jihar da manyan kamfanoni ba su da yawa, gwamnati da 'yan siyasa su ne manyan masu sayen fili, kuma daga nan sana'ar sojojin baka ta samu gindin zama. Mai sauraro na jin kamar muhawara ake yi tsakanin talakawa, alhali sau da yawa fili ne da aka saya. Majiya: rahoton hari yakan zama sanarwar kakakin 'yan sanda da aka karanta, saboda tura wakili ƙauye na cin kuɗi kuma da haɗari. Barazana: a 1984 Doka ta 4 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari, a Agustan 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, a Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara tunda ita ba kotu ba ce. Ga kuma ambulan ɗin da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota, wanda wakilin da ke bin albashin watanni zai yi wuya ya mayar.

Duk wannan babu abin da kyamara za ta koya wa ɗalibi a ciki.

Mai sauraro ma yana da nasa

Stuart Hall na Jami'ar Birmingham ya nuna a 1973 cewa ma'anar da mai shiri ya ƙulla ba lallai ita mai kallo zai kwance ba. Yana iya karɓa, ya karɓi rabi, ko ya juya ta gaba ɗaya. Finafinan Indiya a ƙasar Hausa shaida ne: Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan yadda Hausawa suka ga nasu matsalolin na auren dole da biyayyar iyaye a cikinsu, har salon ya shiga Kannywood.

Rediyon ƙasashen waje

A 1980 kwamitin UNESCO ƙarƙashin Seán MacBride ya fitar da rahoton da ke cewa labarai na kwarara ne daga ƙasashe masu arziki zuwa matalauta, ba sa komawa. Rigimar da ta biyo baya na cikin dalilan ficewar Amurka daga UNESCO a 1984 da Birtaniya a 1985. Ɗalibai kan haddace wannan kamar tarihin da ya wuce, alhali Bahaushe na cikin waɗanda abin ya fi shafa a duniya. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Shekara da shekaru mutanenmu sun fi gaskata abin da aka faɗa daga Landan a kan abin da gidan rediyon jiharsu ya faɗa, kuma ba su yi wauta ba, sun san wa ke biyan na gida. Amma na wajen ma akwai mai biyansu. Sojojin Nijar sun dakatar da RFI a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024, a Maris ɗin 2025 kuma umarnin Donald Trump ya sa Muryar Amurka ta yi shiru. Manomi a Maraɗi ko Gumel ya rasa shirin da ya saba ji saboda shawarar da aka yanke a Yamai da Washington.

Inda masu suka suka yi gaskiya

Ƙorafin rashin firaktikal gaskiya ne. Ana ɗaukar ɗalibai fiye da abin da situdiyo zai ɗauka, wuta ba ta tsayawa, kayan aiki sun tsufa, wani ya gama karatu bai taɓa tace murya da hannunsa ba. Edita na da haƙƙin ya yi fushi.

Amma ni a wurina babbar matsalar ba yawan ra'i ba ce, yadda ake koyar da shi ne. Ana ba ɗalibi hand-awut mai sunaye da shekaru, ya haddace McCombs da Shaw 1972, ya zuba a jarrabawa, ya manta. A kundin kammala digiri kuma akwai babin da dole a saka ra'i biyu, sai a kwafo su daga kundin wanda ya gabata, ba su haɗu da binciken ko'ina ba. Ra'in da aka gina a kan masu zaɓen Ohio na 1940 ba wahayi ba ne, abin gwadawa ne. Aji ɗaya zai iya sauraron shirin siyasar dare na wata guda, ya ƙirga wa aka ba fili da minti nawa, mata nawa suka yi magana, sau nawa aka ambaci ruwan sha ko makaranta, sannan ya shiga kasuwa ya tambayi mutane abin da ya fi damunsu. Wannan bai buƙatar situdiyo, rediyo da littafin rubutu sun isa. Yawancin ra'o'in kuma an gina su a kan masu karanta jarida da kallon talabijin su kaɗai a falo. Ba su san wa'azin kaset da ya koma WhatsApp ba, ba su san waƙar siyasa ba, ba su san sanƙira da maroƙi ba. Wanda zai rubuta ra'in waɗannan daga BUK ko ABU ko Jami'ar Maiduguri zai fito, in an bar ɗalibai suna tambaya.

Ga mai shirin cike fom

Digirin ba ya ba kowa lasisin zama ɗan jarida, kuma gidajen rediyo da jaridu ba su da gurbin da zai ɗauke masu gamawa duk shekara. Da yawa a hulɗa da jama'a suke ƙarewa, ko talla, ko ƙungiyoyin agaji, ko tantance labaran ƙarya, ko kula da shafukan hukumomi da 'yan siyasa. Wanda burinsa kawai ya iya ɗaukar hoto da tace bidiyo, 'yan watanni a wurin ƙwararre za su ba shi abin da yake nema, kuma manhajar kwamfutar da ya koya bana ta yiwu a daina amfani da ita kafin ya gama bautar ƙasa. Wanda zai shiga jami'a ya shiga da sanin cewa firaktikal shi zai nema wa kansa a rediyon makaranta da lokacin hutu, aji kuma na tambayoyin nan ne.

Sabuwar manhajar karatun da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ɗalibi ko uban da ke zaɓar makaranta yana iya neman jerin darussan sashen ya duba me aka zuba a wannan kashi 30: ko akwai aikin jarida da Hausa, ko akwai nazarin rediyon siyasa da Kannywood da rahoton rikici, ko kuwa tsofaffin darussan ne aka sauya wa lamba.